Saƙon da Bai Yi Shuɗi Ba

Zuwa ga Yaya Likita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka da yara. Mu nan lafiya lau, in ka cire Gwaggo da gwiwarta, wadda ka fi ni sanin labarinta. Na koma makaranta, ina koyar da 'yan aji uku da rabin hankalina.

Gwaggo ta kawo mini saƙonka, wai kada in sake kiranka a waya, in rubuta a takarda in ba direban motar da ke zuwa garinku. Sai da na yi dariya ni kaɗai a ɗaki. Kai da ka saba ba mu amsa da hoton babban yatsa, yau kai ne mai son wasiƙa. To ga ta nan.

Sati shida ke nan da rasuwar Baba, ba ka zo ba. Duk wanda ya tambaya na ce masa aiki ne ya riƙe ka. Na sani dai dangantakarmu sai an zauna da alli ake warware ta, kakanka da kakana su ne 'yan ɗaki ɗaya. Amma shekara shida ka yi a ɗakin zaurenmu kana sakandare, kuma Baba bai taɓa kiranka da komai ba sai “likitana”, tun kana faɗuwa jarrabawar lissafi.

Ga abin da ya sa na rubuto. Takarda ta zo mini daga hukumar da ke kula da aikin likitoci. Suna nemana ranar sha takwas ga watan gobe in yi bayanin yadda Baba ya rasu. An kuma garƙame kemis ɗin bakin titinmu, an manna takarda a ƙofa. Mai kemis ɗin, matar nan mai tabarau, laifinta wai ta ba da ƙwayar mofin, maganin kashe ciwo mai ƙarfi, da hoton takarda a waya, ba da takardar kanta ba. Hoton da ka turo mini ne, mai hatiminka. Shekara nawa take ba mu magani haka ba wanda ya ce uffan.

Bari in gaya maka yadda abin ya kasance, tunda ba ka tambaya ba. Ciwon dajin ya shiga ƙashin bayansa. Da ka zo watanni huɗu da suka wuce ƙwayar mofin yake sha. Bayan tafiyarka asibiti suka daina ba shi ƙwayar, suka koma manna masa filastar kashe ciwo a baya, ana canzawa duk kwana uku. Ranar Talatar nan ciwon ya fi ƙarfin filastar. Baba, mutumin da ƙusa ta taɓa huda masa ƙafa ya ƙarasa aikinsa kafin ya duba, shi ne yake cizon matashin kai. Na kira asibiti, suka ce likitansa sai bayan sati uku. Shi ne na tura maka saƙo, ka rubuto ƙwayar, har ka ƙara ƙarfinta. Na ba shi ranar, na sake ba shi da safiyar Laraba.

Da azahar ya yi barci. Yaya, na ji daɗi. Munsharinsa har tsakar gida, ni kuwa ina guga ina murna, ina ce wa maƙwabciya ta rage rediyo, yau Baba ya samu sauƙi. Da la'asar na shiga da ruwa na tarar leɓɓansa sun canza launi, numfashin sai ya ɗauke ya daɗe kafin ya dawo. A motar maƙwabci ya cika, kansa a cinyata. Likitar da ta karɓe mu ta buɗe idonsa ta haska, ta juya shi ta ga bayansa, ta ce in ba ta duk abin da yake sha. Ta karɓi kwalin ƙwayar, ba ta mayar mini ba.

Ban san me ake faɗa a irin wannan wuri ba. Kai ne mai ilimin gidanmu. Ka gaya mini me zan ce.

Ƙanwarka,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta iso. Muna lafiya, sai ƙaramar da ke fitar da haƙori. Allah Ya jiƙan Baba, Ya ba ki ladan jinyar da kika yi ke kaɗai. Rashin zuwana ba wulaƙanci ba ne. Sau biyu ina ɗaure jaka ina kwancewa.

Maganar waya kuma shawarar lauya ce. Ni ma an kira ni, kuma ya ce duk abin da aka rubuta a waya ana iya neman a gani.

Zan yi miki bayani a sauƙaƙe. Filastar nan ba filasta ba ce irin ta rufe ciwo. Magani ne mai ƙarfi ƙwarai, ɗan uwan mofin, yana ratsa fata a hankali. An ba Baba ita a madadin ƙwayar ne. Haɗa su biyun a wannan ƙarfi shi ke danne numfashi, kuma munsharin da kika ji alamarsa ce. Ni abin da na sani shi ne ƙwaya yake sha, kamar yadda na bar shi. A kan haka na rubuta.

Tambayar da za su yi miki guda ɗaya ce: an gaya mini maganar filasta ko ba a gaya mini ba. In ba a gaya mini ba, gargaɗi za su yi mini saboda rubuta magani daga nesa. In kuwa suka ga an gaya mini, lasisina ne zai tafi, kuma suna iya miƙa maganar ga kotu. Ni dai, tsakanina da Allah, ban tuna kin gaya mini ba. Ki faɗi abin da kika tuna kawai. Ba dole ba ne ki tafi da wayarki, ba su nema ba.

Akwai abu ɗaya da nake so ki ji daga bakina kafin ki ji a gaban baƙi. Lauya ya ga rahoton asibiti. An rubuta cewa filasta biyu aka samu a bayan Baba, sabuwa da tsohuwar da ba a cire ba, kuma fatar wurin ta yi ja kamar an ɗora abu mai zafi. Zafi yana sa maganin ya kwarara cikin jini da sauri. In maganar ta yi tsawo, dole a tono wannan. Wanda ke kusa da majiyyaci shi ke ganin abin da ke jikinsa, na nesa sai abin da aka gaya masa. Gara kowa ya taƙaita.

Ki gaida Gwaggo. Ki riƙa cin abinci.

Yayanki

*

Yaya,

Gaisuwa. Ina lafiya, tunda ka ce in ci abinci ina ci. Sati biyu na riƙe wasiƙarka ban amsa ba, don in na amsa a ranar, direban ma zai ji zafin ambulan ɗin a aljihunsa.

“Wanda ke kusa da majiyyaci.” Sau nawa ka gyara wannan layin kafin ya yi santsi haka? Ka fito fili ka ce mini: Auta, in kin buɗe baki a kaina zan shafa miki kashin kaji, a ce ke kika kashe ubanki. Na fi gane irin wannan Hausar.

E, ni na ɗora robar ruwan zafi a bayansa, don yana cewa tana ɗan lafa masa. E, na manna sabuwar filasta a inda ya nuna mini da yatsa, na manta tsohuwar tana can ƙasan kafaɗa. Ba wanda ya taɓa ce mini kada in yi. Nas ɗin da ta ba mu kwalin tana magana ne tana kallon layin da ke bayana. Takardar cikin kwalin kuwa rubutunta kamar ƙwan tururuwa, sai bayan da na karanta wasiƙarka na zauna da tabarau ɗin Baba na bi ta layi layi. Ka sa na yi kwana uku ba na iya shiga ɗakinsa. In abin da kake nema ke nan, ka samu.

Amma da na gama kukan na ɗauko wayar da ka ce in bari a gida. Ranar Talata, ƙarfe tara da minti bakwai, na tura maka hoton teburin gefen gadonsa. Kwalin filastar na gaba, kusa da kofinsa. Bayan hoton na rubuta, “Ciwon Baba ya tashi sosai, taimaka.” Sai na bi shi da saƙon murya na minti biyu da daƙiƙa goma sha ɗaya, na faɗi komai a ciki. Ƙarfe tara da minti goma sha ɗaya ka turo takardar magani, da babban yatsanka.

Na daɗe ina kallon wurin kafin in lura da abu guda. Ka san alamar nan da ke yin shuɗi in mutum ya saurari saƙon murya. Tawa ba ta yi ba. Har yau ɗin nan toka ce.

Ashe gaskiya ka faɗa da ka ce ba ka tuna ba. Ina za ka tuna abin da ba ka ji ba? Ni da nake cewa ko kuskure ka yi, ko lissafin ne ya sake kayar da kai. Da hakan ne ma da na yafe tun ba ka roƙa ba. Minti biyu, Yaya. Baba ya fi haka daɗewa yana hura maka iskar tayar keke kowace safiya.

Jiya na haɗu da mai kemis a bakin famfo. Ta rame. Ba ta yi mini faɗa ba, sai ta'aziyya ta sake yi mini, ta ce, “Da kin ce mini yana kan filasta, wallahi da ban ba ki ba.” Na ce mata likita ya sani. Haka na yi zato a lokacin.

Auta

*

Auta,

Ina gaishe ki. Wasiƙarki ta yi kwana tara a mota, direban ya manta da ita a ƙarƙashin kujera. Duk kwanakin nan na ɗauka shirunki amsa ce, har na gaya wa lauya kin yarda. Jiya ta iso, saura kwana biyar ki tsaya a gabansu.

Ba barazana na yi miki ba. Ko kuma ban yi niyya ba. Na sake karanta abin da na rubuta, na ga yadda ya fito, kuma ba zan rantse cewa babu tsoro a cikinsa ba.

Kin san saƙo nawa danginmu ke turo mini a rana? Wannan ɗansa na zawo, waccan jininta ya hau, Gwaggo da gwiwarta, har da surukin wani da ban taɓa gani ba. Kowa saƙon murya, kowa sai ya fara da gaisuwar minti ɗaya. Shekara goma sha ɗaya ina yi. Ran da na ce wa Kawu ya je asibiti a duba shi, sai da aka yi wata ana cewa na yi girman kai, boko ya raba ni da mutane. Shi ya sa na koyi duba hoto da layin farko in rubuta. Ranar Talatar nan ina tsaye ne a ƙofar ɗakin duba marasa lafiya, mutum arba'in a benci, wata mata ta riƙe mini hannun riga. Na ga “Baba”, na ga “ciwo”, na rubuta. Na ɗauka sauri shi ne taimakon.

Ban buɗe saƙon ba har yanzu. Lauya ya ce kada in taɓa shi. Gaskiyar kuma, ko bai ce ba, ba zan iya ba.

Zan faɗa miki a fili tunda haka kike so. Ki goge shi. Baba ba zai dawo ba. Ba zan bari a ambaci robar ruwan zafi ba, na yi miki alkawari. Ban iya wata sana'a ba, Auta, kuma yaran nan uku ba su san komai ba. Da Baba na da rai, ke ma kin san abin da zai ce ki yi.

Yayanki

*

Yaya Likita,

Assalamu alaikum. Ina fatan ƙaramar ta gama fitar da haƙoranta lafiya. Ni ƙalau nake. Gwaggo ma na ji an ce tana lafiya, don ta daina shigowa gidanmu.

Na je. Na ɗauka zan gan ka, sai na tarar da lauyanka shi kaɗai da jakarsa. Ɗakin ƙarami ne, dogon tebur, fanka mai ƙara, mutum biyar a jere da kwalaben ruwa a gabansu. Mai kemis na zaune a kujerar bango, ta rungume jakar hannunta.

Ba zan ɓoye maka ba, sau uku na ɗora yatsa a kan saƙon in goge. Na ƙarshe a cikin mota ne, a hanyar zuwa. Abin da ya hana ni ba jarumta ba ce, kada ka ɗauka. Muryar Baba na ciki. Ba ni da ita a ko'ina sai nan. Ka nemi in goge abu ba ka san ma me ke cikinsa ba.

Shugabarsu tsohuwar likita ce mai furfura, ta ce, “Malama, kin sanar da shi cewa mahaifinki na kan filasta?”

Na ce, “Kafin in amsa, ku fara rubuta nawa.” Na faɗi filasta biyun, na faɗi robar ruwan zafin, na faɗi gugar da nake yi ina murna yana mutuwa a ɗaki. Lauyanka ya buɗe wata takarda, ya dube ta, ya mayar cikin jaka. Ina jin ita ce wadda ka yi alkawarin ba za a fito da ita ba.

Sai na ajiye wayar a kan teburin na kunna. Suka kashe fanka don su ji. Suka saurari saƙon har ya ƙare. Wani daga cikinsu ya karɓi wayar, ya dubi lokacin saƙon da lokacin amsarka, ya nuna wa na kusa da shi alamar. Tsohuwar ta tambaye ni wa ya koya mini yadda ake amfani da filastar. Na ce babu. Ta rubuta wannan ma, ta daɗe tana rubutawa. Ta ce kuskurena ya taimaka wajen abin da ya faru, ba za ta yi mini ƙarya ba, amma ba ni aka ba hatimi ba. Na so a ce hakan ya sanyaya mini rai. Bai sanyaya ba.

Labari ya riga ni isa gida. Gwaggo ta tsaya a ƙofa, ko zama ba ta yi ba, ta ce, “Likita ɗaya tal Allah Ya ba dangin nan, kin je kin kai shi da hannunki. Yanzu in wani ya kwanta wa za mu kira?” Na ce mata a kira asibiti. Ta ce ba ni da kunya.

Ka ce na san abin da Baba zai ce in yi. Ban sani ba. Abin da ya ce ranar Talatar dai na sani, yana nan a ƙarshen saƙon. Mutum shida da ba su san shi ba sun ji, har da lauyanka. Ba zan rubuta maka ba. Kullum da safe kafin in tafi makaranta nakan duba, alamar tana nan yadda take.

Auta

*

Auta,

Gaisuwa. Muna nan. Wata biyu ban rubuto ba, ba fushi ba ne, ko kuma fushin ya ƙare ya bar ni.

Hukunci ya fito. Sun dakatar da ni shekara biyu, ba su kai kotu ba. Na miƙa hatimin ranar Litinin, wani magatakarda ya jefa shi cikin aljihun tebur ya ba ni takarda na sa hannu. Na ji an buɗe wa mai kemis shagonta bayan gargaɗi. In kin gan ta ki ce ina ba ta haƙuri.

Gwaggo ta turo saƙon murya shekaranjiya. Minti ɗaya tana tsine miki saboda ni, minti biyu a kan gwiwarta, wai in rubuto mata wani abu mai ƙarfi. Na saurara har ƙarshe, tunda yanzu lokaci ya ishe ni.

Yau da hantsi, bayan yara sun tafi makaranta, na zauna a falo na buɗe naki. Za ki ga ya yi shuɗi.

Ba ki ma yi doguwar gaisuwa ba. A daƙiƙa ta goma sha tara kika ce, “Ka san sun canza masa zuwa filasta, ya daina shan ƙwayar.” Na tsayar na duba. Goma sha tara.

Sai na ci gaba. Na ji nishin Baba a bayanki. Na ji kin ce ko dai a haƙura a jira likitan asibiti, kina tsoron haɗa magunguna. Sai ya katse ki, muryarsa ƙasa ƙasa, sai da na manna wayar a kunne.

“Likitana ne? To ki bar shi, ya san aikinsa. Duk abin da ya rubuto ki ba ni.”

Ban san yadda zan rufe wannan wasiƙar ba. Direban na jira a bakin titi.

Yayanki